Ma'aikatan Laburare da Adana Ayyukan Fasaha a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

A Ingila da Amurka akwai wani rukuni na ma'aikatan laburare waɗanda ba su da wani aiki sai kula da littattafai da hotuna da takardun da suka danganci zane da sassaƙa da gine-gine da sauran sana'o'in ƙawa. Waɗannan mutane sun daɗe da haɗa kansu cikin ƙungiyoyi, suna da mujallunsu da tarurrukansu na shekara-shekara. A ƙasar Hausa kuwa, ko sunan wannan aiki bai zauna a bakin mutane ba tukuna, alhali kayan da ya kamata a yi aikin a kansu suna nan jibge. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda irin waɗancan ƙungiyoyi suke, sa'an nan ta duba ko su wane ne suke riƙe da wannan aiki a Kano da maƙwabtanta, da kuma abin da rashin haɗuwarsu yake jawowa, musamman ga rubutun Alƙur'ani da zayyanarsa.

Kalmar fasaha tana da faɗi a Hausa, domin mawaƙi mai fasaha ne, mai iya magana ma haka. A nan an taƙaita ta ga aikin hannu wanda ido yake gani ya yaba, watau kamar zayyana da rubutu da ɗinki da dukanci da adon gini.

2.0 Yadda Ƙungiyoyin Suke a Waje

A shekarar 1969 ne ma'aikatan laburaren makarantun zane da gidajen tarihi na Ingila suka kafa ƙungiyar da ake kira ARLIS. A 1972 takwarorinsu na Amurka da Kanada suka kafa tasu, wadda daga baya ta yi rassa a yankuna daban-daban, kowane reshe da shugabanninsa da taronsa. Dalilin haɗuwar tasu ba wani ɓoyayye ba ne. Kayan da suke hannunsu ba su bin ƙa'idar littafi: akwai ƙasidar baje kolin zane wadda ba ta da sunan mawallafi, akwai hoton gini, akwai fosta, akwai littafin da siffarsa ta fi abin da ke rubuce a cikinsa daraja. Ma'aikaci ɗaya tilo a makaranta ba shi da wanda zai tambaya yadda ake jera irin waɗannan, sai fa ɗan'uwansa na wani gari. Ayyukan ƙungiyoyin ke nan har yau: daidaita hanyar bayyana kaya a cikin katalog, horar da sababbin shiga, ziyartar ma'adanan juna, da sanin wane ne yake riƙe da me. Irin wannan bukata ce ta haifar da ƙamus na kalmomin zane da gine-gine wanda cibiyar Getty ta fitar a 1990, domin kowa ya kira abu ɗaya da suna ɗaya.

A Nijeriya ma aikin laburare ba baƙo ba ne ga ƙungiya. Bayan taron da UNESCO ta shirya a Ibadan a 1953, an kafa ƙungiyar laburare ta Afirka ta Yamma a 1954, daga cikinta kuma Ƙungiyar Laburare ta Nijeriya ta fito a 1962. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da aikin laburare a 1968. Ƙungiyar ta ƙasa tana da reshe a jihohi, tana kuma da sassa na masu aiki iri ɗaya, kamar na laburaren shari'a da na likitanci da na makarantu da na masu tsara katalog. Fasaha ba ta sami irin wannan gurbi da aka san ta da shi ba. Abin mamaki ne kuwa, in aka tuna cewa tun 1955 ake koyar da zane a babbar kwalejin Zariya, kuma a can ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958.

3.0 Inda Kayan Suke

Ba sai an shiga cikin birni ba kafin a ga abin da ake magana a kai. Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suna bayan ganuwa ne, kuma yawancin cikarsu ta zo ne bayan Kano ta zama babban birnin jiha a 1967, amma wanda ya zaga su da idon nazari zai ga fasaha iri-iri a wuni guda. Zai ga allon zayyana da aka yi wa yaro ranar saukar karatu, an rataye shi a ɗaki ya yi shekaru. Zai ga masu ɗinkin hula a bakin hanya, kowane ado da sunansa. Zai ga rubutu da zane a jikin manyan motocin da ke bin Titin Zariya, da allunan shaguna waɗanda aka rubuta da buroshi kafin injin buga leda ya kore su. In ya taka zuwa Titin Gidan Zu zai tarar da fostocin finafinan Hausa, yau a liƙa gobe a yage. A cikin gidajen malamai kuma, waɗanda da yawa daga cikinsu daga birni ko daga ƙauye suka taso da littattafansu, akwai Alƙur'anai rubutun hannu a cikin gafaka.

Daga cikin duk waɗannan, babu ko ɗaya da yake shiga laburare ta hanyar da littafi yake shiga, watau a saya, a buga masa hatimi, a ba shi lamba. Abin da ya tsira, ya tsira ne don wani mutum ɗaya ya ga damar ajiyewa. Wanda yake cikin gidaje kuwa maƙiyansa sanannu ne: gara, da yoyon damina, da tashi daga gida zuwa gida, da rabon gado. Rabon gado ya fi sauran ɓarna, domin littattafan malaman ƙasar nan ba ɗinkakku ba ne, warƙoƙi ne a sake tsakanin tadarishi, saboda haka kundi ɗaya yana iya rabuwa gida uku ba tare da kowa ya yi nufin ɓarna ba.

Wanda ya shiga hannun hukuma kuma a warwatse yake. A Kano kaɗai akwai Gidan Makama, wanda yake ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta tarayya; akwai Gidan Ɗan Hausa, inda Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha take; akwai Laburaren Murtala Muhammad; akwai kuma laburaren Jami'ar Bayero da rubuce-rubucen hannun da ke cikinsa. A Kaduna akwai Gidan Arewa da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa. A Zariya akwai Laburaren Kashim Ibrahim. A Sakkwato akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. A Jos akwai gidan tarihin da aka buɗe a 1952. In an tsallaka iyaka, a Yamai akwai sashen rubuce-rubucen Larabci da Ajami na cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam, wanda tushensa tarin da Boubou Hama ya yi ne. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare da uwar gijiyarsa, wani ma'aikatar ilimi, wani ma'aikatar al'adu, wani jami'a. Ma'aikatansu kuma horonsu daban-daban: wannan ya karanta aikin laburare, wancan tarihi, wancan Larabci. Aiki ɗaya suke yi, amma ba su ɗauki kansu 'yan sana'a ɗaya ba.

4.0 Idon Masanin Tarihi

Akwai dalilin da ya sa abin ya kasance haka. Waɗanda suka fara tattara rubuce-rubucen hannu a Nijeriya ta hanyar zamani tarihi suke nema. Kenneth Dike ne ya jagoranci kafa ma'adanar takardu a Ibadan a 1954. W. E. N. Kensdale, ma'aikacin laburaren jami'ar Ibadan, ya fitar da katalog na littattafan Larabcin da ke can tsakanin 1955 da 1958. A 1964 aka fara Shirin Binciken Tarihin Arewa, wanda Murray Last ya yi wa yawon tattara littattafai, a 1970 kuma Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa. Bukatar wannan zamani ita ce a nuna cewa ƙasar nan tana da rubutaccen tarihi, saboda haka abin da aka fi bi shi ne wallafe-wallafen Shehu Usmanu da Abdullahi da Muhammadu Bello, da wasiƙun sarakuna. An yi aiki babba, ba mai musun wannan. Littafin da John Hunwick ya fitar a 1995 kan marubutan Sudan ta Tsakiya ya isa shaida.

Sai dai idon da yake neman tarihi, mawallafi yake tambaya da abin da ya ce. Da yawa daga cikin littattafan ma hotonsu aka ɗauka a fim baƙi da fari aka mayar wa masu su, wanda ya wadatar ga mai son karanta matani, amma ya shafe launi gaba ɗaya. Alƙur'ani kuwa, tun da nassinsa ɗaya ne ko'ina, sai ya zama a wurin mai neman sabon labari kwafi ɗaya ya isa. A wurin mai nazarin fasaha kuma babu kwafi biyu da suke ɗaya.

Ba a rasa waɗanda suka dubi wannan gefe ba. A. D. H. Bivar ya ba da labarin wani Alƙur'ani na Barno a 1960, mai ɗauke da tarihin da ya yi daidai da 1669, wanda daga baya aka gane muhimmancin bayanan tsohon harshen Kanembu da ke tsakanin layukansa. David Heathcote, wanda ya koyar a Zariya, ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Salah Hassan ya wallafa littafi a 1992 kan fasaha da karatun Musulunci a tsakanin Hausawa. Andrea Brigaglia ya yi rubutu a 2011 kan hannun Kano, sa'an nan shi da Mauro Nobili suka yi kan hannun Barno a 2013. Amma waɗannan duk masu bincike ne, kowa ya zo ya yi nasa ya tafi. Abin da suka gano bai koma cikin katin katalog ba.

5.0 Abin da Katalog Yake Bari

A nan ne gizo yake saƙar. A tsarin Dewey, wanda laburare da yawa suke bi, Musulunci yana lamba 297, fasaha kuma tana cikin 700. A tsarin Laburaren Majalisar Amurka, wanda jami'o'i suka fi amfani da shi, Musulunci yana BP, fasaha tana N. Littafi kuwa gurbi ɗaya yake zama. Saboda haka Alƙur'anin da gwani ya yi wata da watanni yana rubutawa zai tafi gurbin addini, kuma daidai ne ya tafi can; illa dai ɗalibin da ya zo neman zayyanar Hausawa ba zai taɓa cin karo da shi ba, sai in mai katalog ya rubuta bayanin da zai kai shi.

To, wane bayani ne ya kamata a rubuta? Na farko shi ne hannu. Rubutun ƙasar nan dangin na Magariba ne, fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, kuma a kan ruwayar Warshu ake rubuta Alƙur'ani. Amma rubuta "Magaribi" kawai a kati bai faɗi kome ba, domin alaramma yana kallo ɗaya zai raba hannun Barno da na Kano, wani lokaci har ya ambaci tsangayar da hannun ya fito. Na biyu shi ne tawada. Ta allo daban, wadda ake yi da gawayi da ƙaro domin ta wanku; ta takarda daban, wadda ake haɗawa da bagaruwa da kashin maƙera domin ta zauna. Ana sa wasula da ja, hamza da rawaya, alamar sadarwa kuma sau da yawa da kore. Sanin wannan ba don ƙawa kaɗai ba ne, domin tawadar da take da ƙarfe a ciki tana cin takarda in an daɗe, kuma mai adanawa yana bukatar ya san wadda yake fama da ita. Michaelle Biddle, ma'aikaciyar laburare daga Amurka, ta zaga ma'adanan Arewa a 2008 ta kuma yi rubutu kan waɗannan tawadoji.

Na uku shi ne zayyanar kanta. Akwai alamar aya, akwai kumsa a kan kowace aya ta biyar, akwai kuri a kan ta goma. A gefen shafi akwai alamar izu da nusufi da rubu'i da sumuni, da ta wurin sujada, kowacce da irin da'irarta. Akwai kuma babbar zayyana mai cin rabin shafi ko shafi guda, wadda aka saba sawa a farkon littafi da kuma farkon surorin A'arafi da Maryam da Sad, inda Alƙur'ani yake rabuwa kashi huɗu. Wasu kwafe-kwafen suna da harji, watau bayanan gefe da gwanaye suke yi na sau nawa kalma kaza ta zo da siffa kaza. Sau da yawa kuma mai rubutu daban, mai sa wasali daban, mai zayyana daban, sa'an nan badukun da ya yi tadarishi da gafaka shi ma daban. Littafi ɗaya, hannu huɗu. Katin katalog kuwa yana da gurbin mawallafi ne kawai.

Na huɗu shi ne takarda. Yawancin littattafan ƙarni na 19 an rubuta su ne a kan takardar Italiya wadda fatake suke kawowa ta Tarabulus da Masar, in an ɗaga ta ga haske sai a ga alamar jinjirin wata uku. Masana'antar gidan Galvani ta yi suna wajen yin ta. Tun da marubuta da yawa ba su sa shekara, wannan alama tana cikin 'yan abubuwan da ake kimanta shekarun littafi da su, kuma ba ta fitowa a hoton da aka ɗauka ta sama.

Wani rukuni da aka fi rainawa shi ne bugun kasuwa. Tun wajen tsakiyar ƙarni na 20 'yan kasuwar littattafai na Kano suke ba marubuta aiki su rubuta da hannu, sa'an nan a ɗauki hoton rubutun a buga da inji a kai Kasuwar Kurmi. Ta haka ne hannun Sharif Bala Gabari ya shiga gidaje da makarantun allo ba iyaka. A ƙarshen irin waɗannan littattafai akan sami sunan marubuci da na wanda ya ɗauki nauyin bugu, abin da tsofaffin kundaye sukan rasa. Amma da yake arha gare su, kuma takardarsu ba ta da ƙwari, sai aka ɗauke su ba abin ajiya ba. John Paden ya saye su da yawa a Kano a shekarun 1960, yau suna Jami'ar Northwestern a Amurka. A can ne kuma laburaren Alhaji Umar Falke yake, malamin nan ɗan kasuwa na Kano da ya rasu a 1962, mai ɗauke da rubuce-rubuce fiye da 3,000. Ana iya jin zafin tafiyarsu, amma gaskiya ita ce a can an jera su an san adadinsu.

6.0 Jama'a Biyu

Duk kalmomin da aka ambata a sama, kumsa da kuri da harji da tadarishi, ba a ajin koyar da aikin laburare ake jin su ba. A tsangaya suke. Wannan yana nuna cewa akwai wata tsohuwar jama'a ta masu sana'a wadda ta riga ta boko, kuma tana da tsarinta. Tana da matakai, daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, har a kai alaramma da gwani. Tana da hanyar tace aiki, domin wanda ya rubuta Alƙur'ani da ka sai ya kai shi gaban gwanaye sun bi shi harafi-harafi kafin a yarda da shi. Tana da zumunci mai tsallake iyakar jiha da ta ƙasa, daga Kano zuwa Haɗeja da Gashuwa da Maiduguri da Damagaram. Abin da ba ta da shi shi ne rubutaccen lissafin ayyukanta da ɗakin da gara ba ta shiga.

Ma'aikatan laburare kuwa suna da ɗaki da lissafi, ba su da idon. Kowane ɓangare yana riƙe da rabin aikin, kuma akwai 'yar ƙyama a tsakani wadda bai kamata a ɓoye ta ba. Malami yana tsoron in ya ba da littafin kakansa ba zai sake ganinsa ba, ko kuma a taɓa Alƙur'ani ba da tsarki ba. Ma'aikaci kuma, in bai iya karatun Warshu ba, yakan ga kundin a matsayin tarin tsofaffin takardu, har ya kai ga liƙa su da salatif da kyakkyawar niyya, wanda ɓarnarsa ta fi ta yagewar.

7.0 Yunƙurin Haɗuwa

An taɓa gwadawa. A watan Maris na 2007 Gidan Arewa ya shirya babban taro a Kaduna kan adana rubuce-rubucen Larabci da Ajami, inda masu bincike da ma'aikatan ma'adanai da masu littattafai na gida suka zauna wuri ɗaya, kuma an yi tarurrukan horaswa bayansa. Ayyukan ɗaukar hoto da na'ura ma sun ƙaru, kamar na Ajamin Hausa da Jami'ar Boston ta sa a intanet. Raunin yawancin irin waɗannan shi ne da kuɗin tallafi suke tafiya, in kuɗin ya ƙare kowa ya koma ofishinsa. Ƙungiya kuwa aba ce mai ɗorewa ko da tallafi ko babu.

Misalin da ya fi kusa yana Tambutu. A 1996 masu laburaren gida na can suka kafa ƙungiyar SAVAMA a ƙarƙashin Abdel Kader Haidara. Da 'yan bindiga suka mamaye garin a 2012, wannan sanayya da amana da aka riga aka gina su ne suka ba da damar kwashe dubban ɗaruruwan littattafai zuwa Bamako a ɓoye. A Janairun 2013 an ƙona ko an sace kimanin 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba, amma mafi yawa sun tsira, kuma a 2025 aka fara mayar da su gida. Abin lura shi ne ƙungiyar ba ta ƙwace littafin kowa ba, kowane gida da mallakarsa.

In za a yi irinta a nan, iyakar jiha ba za ta dace da ita ba, domin kayan ba su san wannan iyaka ba. Yankin da ya haɗa Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato da Barno da Maraɗi da Damagaram shi ne gwargwadonta. Ba kuma sai ta tsaya ga rubutun hannu ba: hotunan adon gidajen Zariya da Kirk-Greene ya wallafa a 1963, da bangon littattafan adabin kasuwar Kano, da fostocin Titin Gidan Zu, duk nata ne. Aikin da ya fi gaggawa, kuma ya fi sauƙin kuɗi, shi ne na kalmomi: a zaunar da gwanaye da masu zayyana da dukawa da maɗinka tare da masu katalog da malaman sassan Hausa, a rubuta sunan kowane ado da kowane hannu, a haɗa shi da hotonsa mai launi, a kuma nuna inda Kano da Sakkwato da Barno suka saɓa wajen kiransa. Daga nan sai a ƙara gurabe a katin katalog: marubuci, mai wasali, mai zayyana, baduku, irin tawada, alamar takarda. Ana iya fara gwajin a ƙaramar hukuma ɗaya kamar Tarauni, gida-gida, da izinin masu littattafan, a ɗauki bayani da hoto a bar wa kowa kundinsa a gafakarsa.